Hular dai tasa ce

Kuɗin motar da na tafi Duwala da su, a cikin fata aka ɗinke su kamar laya. Babana baduku ne a nan Garwa, ya rataya mini a wuya ya ce, "Ɗanladi, ɓarawo ba ya taɓa laya." Haka kuwa aka yi. Sai dai ni ma da na isa Ngaundere zan sayi tikitin jirgin ƙasa, na kusa karya haƙori kafin na farke ɗinkin Baba. Kai Habu yarona, daina dariya, kai ka tambayi labarin farin hoton nan na bango, to zauna ka ji.

Lokacin mulkin Shugaba Ahijo ne. Na sami aiki a shagon wani mai hoto, Misye Fol, ɗan gajere mai faɗa kamar zakara. Shara na fara, sannan wankin hoto, sannan ya bar ni na taɓa kyamara. Faransancina kuwa abin tausayi. Idan zan ce wa mutum kada ya motsa, sai na daka tsawa, "Nabuje fa!" Mata su yi ta dariya har hoton ya lalace. Lema ma, wai sunanta farafuluwi. Lema dai, jama'a!

Abin da ya fi ba ni haushi fitilarsa ce, wadda suke kira filas. 'Yar ƙarama, kuma ba ya ko buɗe ta duka. Ya juya ta cikin farar lema, ya ɗauko wata igiya mai ƙulli-ƙulli, ya auna daga fitila zuwa hancin mutum, sannan ya saita kyamara.

Na ce, "Maigida, wannan ai rowa ce. A saki wuta mana!"

Ya ce, "Ɗakin nan taku nawa ne?"

"Biyar."

"Bango wane launi?"

"Fari."

"To bango ma fitila ne, wawa. Fuska kake so ka gani, ba wuta ba."

Na ce a raina, talauci ne kawai ya koya masa wa'azi.

Shekara huɗu ina tara kuɗi. Mai gidan da nake haya a unguwar Nubel kullum faɗanmu ɗaya, wai ina shanya hotuna a igiyar wankinta. Ranar da na ji wani Bature zai koma ƙasarsu yana sayar da kayansa, na ruga na sayi filas ɗinsa, ƙatuwa, da akwatin wutarta mai nauyin buhun gero. Misye Fol ya zagaya ta ya ce, "Filin ƙwallo za ka ɗauka?" Ya miƙo mini igiya mai ƙulli kyauta. Da ita na ɗaure katifata.

Na dawo Garwa ina tafiya kamar sufurfe, babban jami'in gwamnati. Na kama shago taku uku, na shafe shi da farar ƙasa tas. Babana kuwa tun da yake bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Inna ce ta matsa masa. Ya zo da hantsi cikin farar babbar riga, ga farin gemu, ga baƙar hularsa.

Ya ce, "Sau ɗaya fa. Don uwarka ta ishe ni."

Ni kuma ina so ya ga abin da ɗansa ya samo a ci-rani. Ba lema, ba igiya. Na kafa fitilar a gabansa, na murɗa ta har ƙarshe, na danna. Fau! Tela maƙwabcina sai da ya leƙo.

Baba ya daɗe yana murza ido. Ya ce, "Hoto ne wannan ko aradu?"

Na ce, "Aikin birni ke nan, Baba."

Fim ɗin mai ɗaukar sha biyu ne, saura sha ɗaya, kuma mai hoto ba ya wanke fim sai ya cika. Na bar shi a kyamara ina jiran masu zuwa. Kafin ya cika, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke Baba.

Bayan sadakar bakwai na shiga ɗakin wankin hoto. Na yi duk dabarar da na sani. Riga da gemu da bango sun zama abu ɗaya, fuskar ta tafi. Wallahi na yi kuka, kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Inna tana ta tambaya, dole na kai mata. Ta riƙe shi nesa, ta matso da shi kusa, ta juya shi wajen haske. Ina tsaye ina jiran zagi.

Ta shafa shi da yatsa ta ce, "Hular dai tasa ce."

Washegari na kwance katifata na ciro igiyar Misye Fol. Ga ta can rataye a ƙusa, kusa da hoton. Habu, miƙo ta nan, ka zauna a kan kujerar can in auna hancinka.