Ƙafar maigidana da jiran takardar inshora

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Hadiza, daga unguwar Bani Malik a Jidda.

Bara kamfanin da maigidana yake wa tuƙi ya ba shi zaɓin inshorar lafiya iri biyu. Ɗaya mai sauƙi ce, amma asibiti ɗaya za ka riƙa zuwa, kuma ba ka ganin babban likita sai an ba ka takarda. Ɗayar kuwa duk asibitin da ka je za a karɓe ka, sai dai tana cin albashi. Ya ce mini, "Hadiza, ni lafiyata lau, mu ɗauki mai sauƙin, halas, shi ke nan."

Ashe yana da ciwon suga, bai sani ba. Rannan ƙusa ta soke shi a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. Kullum muka je sai a wanke, a ce mu jira amincewar masu inshora kafin mu ga babban likita. Kafin takardar ta fito, ƙafar ta yi baƙi. An yanke ta daga idon sawu.

Yanzu ba ya tuƙi, kafili kuma, wato mai kamfanin da ya tsaya mana a ƙasar nan, ya ce ba zai sabunta iƙama ba, takardar izinin zama, sai dai mu koma gida. Yaranmu a nan aka haife su, ba su taɓa ganin Kano ba. Masu sauraro, don Allah ina ake kai irin wannan kuka?