Tauraro Don Tagar Baba

A rumfar fitilun Kirsimeti masu siffar tauraro da ake ratayawa a taga, a kasuwar San Fernando, wani dattijo, Mang Delfin, ya nuna mafi girma.

"Wancan nake so."

"Haba Baba, ai wancan na coci ne," in ji mai rumfar. "Bene gare ka?"

"Ɗaki ɗaya ne."

"To, jikoki ne suka tasa ka gaba?"

"Ke dai rage mini. 'Yata Marisol tana aikatau a Doha. In ta kira ta bidiyo, tagar da ke bayana take leƙe. Bara da Kirsimeti ta ga tagar duhu, ba tauraro, ta yi ta kuka a gidan mutane."

"In ta ajiye wayar fa?"

"Sai in kashe abina. Wa zai gani?"