Mantun Yayar Mijina

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ummu Faisal ce daga unguwar Waziriyya.

Likita ya hana mijina cin kitse saboda hawan jini, shi kuwa ba shi da abinci sai mantu, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki. Na koma yi masa da garin alkama, jan nama da kabewa. Sai yayarsa ta ce wai ina kashe mata ƙani da yunwa. Kowace Juma'a sai ta aiko da nata, yana ɗigar kitse, shi kuwa ya cinye.

Makon jiya mijin nawa ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki.

Yaya, na san kina saurare. Halas, ya isa haka. Kika sake aikowa, da kwanon da jinyar duk naki ne. Jama'a, na yi laifi?