Takardar Gidanmu a Hannun Alhaji

Iyayena da ƴan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna a kan kowane gida da ke nan.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Saratu, matar Mushe Iliya, malami mai koyar da lissafi a koleji. Ni ungozoma ce a wata ƙaramar likita, wato asibiti, a nan Damagaram. Yaranmu uku, babbar ita ce Naomi. Abin da zan faɗa yau ya daɗe yana ci mini zuciya. In kun ga na tsaya, ku yi mini haƙuri.

Mun daɗe muna haya a Birni, ɗaki biyu cikin wani lungu da ko moto sai an sauka an tura ta cikin rairayi. Da aikinmu ya ɗan zauna, muka ci bashin banki muka sayi gida a bayan gari, wajen hanyar Mirya. Banki ya riƙe takardar gidan, yana cire nasa daga albashin maigidana kowane wata. Sun ce shekara goma sha biyar.

Da muka dawo gida daga banki ranar, maigidana ya zauna ya ce, "Maman Naomi, in muka bi nasu, ruwan da za su ci a kanmu ya kusa sayen wani gidan. Mu ɗaure cikinmu mu gama da su a rabin lokacin."

Na ce na yarda. Shi ne ya ce mu durƙusa. Muka ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki, ya ce, "Ko dala ba za ta fita zuwa dangina ko danginki ba, sai ranar da muka karɓi takardarmu." Na ce amin da dukan zuciyata.

Ƴan'uwa, mun ɗaure cikin kuwa!

Nama ya bar gidanmu, sai Kirsimeti da Ista. Tuwon gero da miyar kuka, gobe kuka, jibi kuka. Ran da na sa daddawa da yawa sai yara su ce yau Mama ta yi fati. Na daina sayen ruwa wajen ƴan garuwa. Kun san yadda ruwa yake a garin nan. Ni da Naomi muke bin layin famfo da bidon-bidon, wato jarkoki, mu turo kura da kanmu, sannan in wanke fuska in tafi aiki a ƙasa. Muka kashe firigo. Lokacin zafi mu fito tsakar gida da tabarma, fanka tana rataye ba a kunna ta ba don tsoron faktir ɗin wuta. Zanen zumuntar mata ya canza har sau nawa, ni ina nan da tsohon. Na san wasu cikinku sun lura, kuka rufa mini asiri. Allah ya saka muku.

Duk wannan bai dame ni ba. Abu ɗaya ne ya dame ni.

Innata tana zaune a Damagaram Takaya. Yanar ido ta fara rufe mata gani. Ƙanwata ta kira ni ta ce likitan ido ya ce a kawo ta a yi aiki da wuri. Na je wurin maigidana, ya ce, "Kin tuna abin da muka faɗa gaban Allah? In muka buɗe ƙofar nan yau, gobe dangina ma za su shigo." Na kira Inna na ce ta ɗan ƙara haƙuri. Ta ce, "Saratu, ki gama gidanki. Ido dai ga shi nan, ina ganin hanyar rijiya."

Allah ya taimake mu muka gama kafin lokacin da muka ɗiba ma. Ranar da maigidana ya shigo da takardar, na rungume ta ina kuka, yara suna tsalle. Ya ce zai ajiye ta wuri mai kyau. Ban tambayi ina ba. Me zai sa in tambaya?

Albashina na farko bayan haka, Inna na ɗauko. Likita ya duba ya ce na dama zai gyaru, na hagu kuwa an makara, wani ciwon ya shiga bayan yanar. Na haɗiye wannan. Na ce wa kaina, ai ba a banza ba ne, yarana suna da inda ba mai korarsu.

Jinyar Inna ta sa muka jinkirta bikin godiya har Kirsimeti ta zagayo. Da yawanku kun zo. Muka yanka rago, rago guda, a gidan Saratu! Ina bakin murhu ina suya sai ga Yaya Asabe, matar Yaya Ayuba wan maigidana, ta zo ta tsuguna kusa da ni. Ta kama hannuna ta rage murya.

"Maman Naomi, ni kunyarki nake ji. Ki yi mana haƙuri. Kamiyon ne ya ƙi zama lafiya, yau injin, gobe taya. Amma Baban yara ya ce ko me za a yi, Alhaji ba zai taɓa gidanku ba."

Na ce, "Wane Alhaji?"

Ta dube ni. Na ga fuskarta ta canza. Ta ce, "Wayyo! Ba ki sani ba?"

A bakinta na ji komai, matsami yana hannuna, mai yana ƙonewa. Yaya Ayuba ya karɓi kamiyo, babbar motar kaya, bashi wajen wani ɗan kasuwa mai sayar da motoci a Birni, Alhaji Sanusi, don ɗaukar kaya zuwa Agadas. Alhaji ya ce sai da jingina. Maigidana ya kai takardar gidanmu. Ko wata ba ta yi a hannunmu ba. Yanzu kuma Yaya Ayuba ya daɗe bai biya ba, Alhaji ya fara aiko da mutane.

Na gama suyar. Na raba abinci. Na ji Fasto yana yi wa gidan addu'a, kuna cewa amin, maigidana yana tsaye da sabuwar riga yana cewa amin tare da ku.

Da baƙi suka watse na tare shi. Na ce, "Baban Naomi, ɗauko mini takardar gidan nan in gani."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Yaya ne ya biya mini kuɗin karatu a lakwal bayan rasuwar Baba. Ya zo har da hawaye. Ta yaya zan ce masa a'a?"

Na ce, "Ni ta yaya na ce wa uwata a'a?"

Kun san me ya ce? Ya ce, "Ai alkawarinmu zuwa ranar karɓar takarda ne. Ban karya ba."

Ƴan'uwa, da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mutumin da muka sha kuka tare, muka sha zafi tare, ya tsaya yana yi mini lissafi kamar ina cikin ajinsa!

Daga ranar bakina ya rufe. Ina dafa masa abinci, in ajiye, in juya. In ya shigo ɗaki in fito. Ina zuwa sujada don kada a yi magana, amma ba na waƙa. In an zo cin Jibin Ubangiji sai in miƙa faranti gaba. Kowane bango na gidan in na duba sai in ga idon Inna. A wurin aiki na daka wa wata yarinya mai naƙudar fari tsawa har ta yi shiru tana cizon zane, ni da aka sani da lallashi. Na haɗa kayana cikin jaka na tura ƙarƙashin gado, ina jiran bakans ɗin yara, hutun makaranta, in kwashe su mu tafi Takaya.

Kuma ba maigidana kaɗai nake fushi da shi ba. Zan faɗi gaskiya a gidan Allah: har da Ubangiji.

Wata Asabar da la'asar, layin sharar majami'a ya zo kaina. Ina shara ni kaɗai sai Mama Lami, matar Fasto, ta shigo. Ta karɓi tsintsiyar daga hannuna ta jingine.

Ta ce, "Ɗiyata, tun Kirsimeti ban ji muryarki ba. Me aka yi miki?"

Na ce ba komai, Mama.

Ta ce, "To, in ba za ki faɗa mini ba, faɗa wa mai ɗakin nan. Kada ki gyara maganar. Yadda take a cikinki, haka za ki ba shi." Ta koma bakin ƙofa ta zauna, ta ba ni baya.

Na durƙusa tsakanin bencina. Ban iya cewa Uba ba ma. Na ce, "Kai ma kana wurin ranar da muka ɗora hannu! Ka ga layin famfo. Ka ji abin da na ce wa uwata. Ka ga lokacin da ya fita da takardar, ka yi shiru! Me na yi maka?" Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yarinya. Na faɗi maganganun da ba zan maimaita a nan ba.

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Amma da kukan ya ƙare sai na tuna cewa wanda nake yi wa ihu, shi ma wanda suke cin abinci a akushi ɗaya ne ya sayar da shi. Ya san wannan ciwon, ba labari ya ji ba. Na ce, "Yesu, ba zan iya yafewa ba. In kana so a yafe, sai dai ka yi a cikina." Zafin bai tafi ba a ranar. Tsoron ne ya tafi. Na tashi ƙafafuna suna da ƙarfi. Halleluya!

Ranar Litinin na yafa gyale na tafi Birni, na nemi gidan Alhaji Sanusi. Dattijo ne, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Na faɗa masa ko ni wace ce.

Ya ce, "Madam, ai na tambayi Mushe ko iyalinsa sun sani. Ya ce ke ma kika ba da shawarar."

Allah ne ya riƙe ni a zaune. Na ce, "Alhaji, a wurin suyar nama na ji." Na ba shi labarin shekarun nan duka, har da idon Inna.

Ya yi salati, ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Ni ba gida nake nema ba, kuma ba zan fitar da yara titi a kan ƙaryar da ba su yi ba. Amma dukiyata dukiyata ce. A dawo mini da kamiyo a kimanta shi, a cika mini sauran. Zan jira har kaka."

Da na koma na faɗa wa maigidana duk abin da Alhaji ya ce, har da maganar shawara. Ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Wannan karon bai yi lissafi ba. Ya ce, "Na ci amanarki, na kuma yi miki ƙarya a gaban baƙo."

Yaya Ayuba ya ƙi ba da kamiyon. Ya aiko cewa mace ce ke mulkin gidan ƙanensa. Maigidana, wanda bai taɓa ɗaga ido gaban wansa ba, ya hau mota ya tafi garinsu Dakusa, ya tara baffanninsu, ya faɗi laifinsa da bakinsa. Dattawa suka tilasta aka mayar da kamiyon. Da aka kimanta, da saura mai yawa. Yaya Ayuba ya ce ba shi da ko dala. Maigidana ya sayar da gonarsa ta gado, ya sayar da motonsa. Yanzu a ƙasa yake zuwa koleji. Muka sa ƴan haya a ɗakuna biyu, mu biyar muka matsu a sauran.

Bayan kaka Alhaji ya aiko da takardar, ya ce a hannuna za a sa ta. Ku yabi Ubangiji!

Kada ku ɗauka komai ya koma daidai. Yaya Ayuba har yau bai ce mini sannu ba. A Dakusa ana cewa ni na raba ƴan'uwa. Yaya Asabe in ta hango ni a kasuwa sai ta sauya layi, ita da ba ta yi mini komai ba sai gaskiya. Akwai safiyar da nake tashi in ji abin ya dawo sabo, in dubi mutumin nan in ce, ashe za ka iya? A irin ranar sai in sake komawa gwiwa. Yafiyar ba ta zo mini gaba ɗaya ba, kullum ake ba ni ta ranar.

Amma jakar nan na kwance ta. Watan jiya na ci Jibin Ubangiji, ni da shi a benci ɗaya.

Wani zai ce, ta yaya mace za ta tsaya gaban jama'a ta tona mijinta? Ba ni na nema ba. Shi ya je wurin Fasto. Ya ce a gabanku ya ce amin da ƙarya a bakinsa, don haka a gabanku yake so a faɗi gaskiya, kuma in faɗa da bakina, kada in rage komai. Ga shi can a layi na uku. Baban Naomi, tashi su gan ka.

Na gode wa Yesu da ya tsare rufin da ke kan yarana, ya kuma hana ɗacin rai ya cinye ni. Ƴar'uwa, ɗan'uwa, in na kusa da kai ne ya soke ka, kada ka tsaya neman kalmomi masu kyau kafin ka zo gaban Ubangiji. Kawo masa yadda take, zai iya ɗauka. Ku dogara gare shi, ku kuma riƙa sa gidanmu a addu'a, don har yanzu muna kan hanya.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.