Jajen da na yi wa mutanen Japan

Assalamu alaikum, mai gabatarwa da masu sauraro. Ni ne Malam Idi, malamin gona a Agiye, wanda buro, wato ofishinmu, ya tura Japan koyon ban ruwa a wannan shekara da muke fama da fari.

Ranar hutu aka zuba mu a doguwar mota yawon buɗe ido, wata jagora mai 'yar tuta tana gaba. Aka ba mu ɗanyen kifi. Nan take basirata ta gano itacen girki ya ƙare musu. Aka nuna mana bishiyar da ta girmi kakana, amma ba ta kai gwiwata ba. Daga ƙarshe sai lambunsu mafi daraja: tsakuwa da duwatsu, an bi da manjagara, ko tsinken ciyawa babu.

Na russuna na ce, "Baiwar Allah, sannunku da fari. Allah ya kawo ruwa." Na miƙa mata ragowar ƙuliƙulina.

Ta ce, "Malam, da gangan muka yi shi haka. Daga ko'ina ake zuwa kallo, har a biya."

Jama'a, gonata ta fi wannan lambu bushewa, iyalina kuma hatsi suke jira. Tuni na bi ta da manjagara. Wa ya san direban doguwar mota, ya kawo mini 'yan kallo?