Makaniken da Ya Wanke Lukumanu Direba

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, Allah ya gafarta Liman da malamanmu, dattawan Karaye da Rogo, Hajiya Safara'u uwargidan marigayi da 'ya'yanta, ina gaishe ku, ina mana ta'aziyyar Malam Abdulmutalib makanike.

Ya kasance mai haƙuri da injin, mai haƙuri da mu, kuma mun fi injin wahalar sha'ani. Ni shaida ne.

Shekara shida ke nan ƙungiyarmu ta manoman Gwangwan ta sa wa a-kori-kurarta sabon injin. Takardarsa ta ce ƙarfin doki ɗari da ashirin. Muka kai motar Kano aka ɗora tayoyinta kan na'urar awo, wadda taya ke juyawa a kanta mota tana tsaye, sai ta nuna ɗari. Ni ne shugaba, ni na fara cewa direbanmu Lukumanu ya musanya injin. Muka karɓe makulli. Magana ta bazu har iyayen matar da zai aura suka fara ja da baya.

Malam ya same ni a gona. Ya ce lissafin takarda na injin ne shi kaɗai, kafin a haɗa shi da mota. Kafin ƙarfin ya isa ƙasa sai ya bi ta giya, ya bi ta farfela da aksil, kowanne ya ci nasa, taya ma ta ci. Na ce wannan zancen makanikai ne, suna rufa wa juna asiri. Bai yi fushi ba. Ya sauke injin da hannunsa, ya kai Kano aka auna shi tsurarsa, ina tsaye. Ɗari da sha tara.

Wallahi na ji kunya. A hanyar dawowa ya ce mini, “Shugaba, makulli kaɗai ba zai isa ba. A gaban jama'a ka ɓata shi, a gabansu za ka gyara.” Na mayar da makullin, wanke shi a gaban jama'a kuwa na yi ta cewa gobe.

Ya kasance mai bin motocinmu da man giya da girisi, yana faɗan iskar taya, don a rage abin da ke salwanta a hanya. Ya kasance mai koyarwa ba ya ɓoyewa. Hajiya, ki share hawaye, garejin ba zai rufe ba. Ga 'ya'yanku Muhammad Auwal da Siddiqa, ɗaya a kan sifana, ɗaya tana karatun injiniya, kuma motocinmu can za su ci gaba da zuwa.

Lukumanu, tashi jama'a su gan ka. Ba ka taɓa injin nan ba, ni na zalunce ka. Ka yafe mini.

Na gode da kuka saurare ni. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya wanke shi kamar yadda ya wanke bawan Allahn nan. Amin.