Tanderu, Taga da Tarho

Albasar da na noma a fadamar Badagishiri ita ta zama kuɗin motata. Na sayar tun ba ta gama bushewa ba, dillali ya kwashe ta a wulaƙance, ban damu ba, ni dai in ga Kwatano. Ku matso, Sahabi aje wayar nan, da kai nake.

Kwana biyu muna hanya, Ƙonni, Doso, Gaya, har munka tsallaka gada. Wani mutumin Tsarnawa da ke gadi can shi ya kai ni gidan burodi. Mai gidan, patoro muke ce masa, gajere ne mai tumbi, ba shi da mugunta, sai dai bai son ya ga mutum tsaye. Ranar farko ya nuna mini wani ƙaton ƙarfe ya ce, "Fur!" Na ce a raina, Allah mun gode, har hura gare su. Ashe tanderu yake nufi. Ma'aikata sun yi wata guda suna kirana Malam Hura.

Wanda ya koya mini aiki wani dattijo ne, Baba Kosi, Hausarsa guntu-guntu. Ya ce burodi da hanci ake gasa shi, ƙamshi na canzawa ka buɗe. Cikin wata shida ya koma wajen kwaɓa ƙullu, ya bar mini tanderu. Burodina kuwa har daga wata unguwa ake zuwa saye.

Sai matar da ke sayarwa a taga ta haihu, ta tafi. Patoro ya ce, "Isuhu, taga ga ta nan kusa da kai, taku uku ne." Na ce to. Bayan nan mai ɗaukar komandi, wato masu bugowa su ce a kai musu kaza, ya sami aikin tashar jirgin ruwa. Patoro ya ɗaura wa tarho igiya ya rataya mini a wuya kamar laya.

Kada in yi muku ƙarya, daɗi na ji. Ina buga wa mutanen gida ina cewa ni kaɗai aikin mutum uku nake. Ko mai ɗakin da nake haya, wata tsohuwa da kullum muke faɗa kan bokitin ruwa, na yi mata wannan alfahari. Ta dube ni ta ce, "Albashin mutum nawa?" Na ce ta kula da bokitinta.

To abin da ke faruwa shi ne, ina cikin ba mutum canji tarho ya yi kuka, ina amsawa hancina ya ce mini burodi ya wuce. In ruga in fitar, in dawo taga na manta wa na sallama. Kashi ɗaya ya ƙone, na gaba don tsoro in fitar da shi fari fat, cikinsa ɗanye. Na taɓa aika burodin lakwal, wato makaranta, gidan makoki. Tun asuba nake gudu har la'asar, ban zauna ba, amma kwandon da ake zubar da ɓatacce kullum cike. Patoro ya ce fulawa ce ta lalace, ya canza mai kawo fulawa.

Wata Jumma'a da hantsi, wata madam tana zagina a tarho, na maƙale shi da kafaɗa, mutane na buga taga, ga ƙauri na tashi. Na buɗe tanderu na kama farantin ƙarfe. Tsumman da nake riƙewa da shi yana can kan taga inda na bar shi.

Ban ji zafi nan take ba, sai da na ga fatar ta bi ƙarfen.

A gidan likita sunka naɗe hannun, sunka ce sati uku kada ya kusanci wuta. Na tabbata korata za a yi, ga damina ta wuce, ban da abin komawa gida. Baba Kosi ne ya ce wa patoro, "Ni tanderu. Shi taga. Tarho, kai." Patoro ya yi ta huci, amma ba yadda zai yi.

Sati ukun nan ba wanda ya yi gudu. Ina zaune kan kujera ina miƙa burodi da hagu, har gaisawa nake da mutane. Kafin azahar an saye komai, kwandon nan kuwa har kyanwa ta samu wurin kwana a ciki.

Ranar da anka kwance mini hannu, patoro ya nufo ni da igiyar tarho.

Na ce, "Patoro, wanne zan aje?"

"Kamar yaya?"

"Ka zaɓa mini ɗaya. In ka ba ni uku, ba ko ɗaya da za ka samu."

"Da can ba kana yi ba?"

"Da can kwandonka cike yake."

Ya ce in ban so ga ƙofa. Na ɗauki hulata, na fita. Kwana tara ina dakon kaya a kasuwa da hannu ɗaya da rabi. Ran na goma Baba Kosi ya same ni, ya ce, "Patoro ya ƙona burodi da kansa. Ya ɗauki mace a taga. Zo."

Shekara uku na ƙara, tanderu kaɗai. Patoro bai taɓa cewa na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba.

Da na tashi dawowa na sayo injin ban ruwa, wannan da kuke jin ƙararsa a garka. Anka sauke shi ƙofar gida, maƙwabta sunka taru suna shafawa. Inna kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Ta kama hannuna na dama ta juya, ta ga yatsu biyu ba su lanƙwasuwa. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Da wanne kake cin tuwo yanzu?"

Na ce da shi.

Ta ce, "To shigo, ya kusa hucewa."